Ruwan zogale ya tada TNF-alfa a makrofaj: ganyen ne ko ƙazanta?

Sadiya, Idi-Araba:
Salamu alaikum. An jiƙa busasshen ganyen zogale na kasuwar Mile 12 a ruwa, an tace da matacin 0.22 (mai ƙofofin maikiromita 0.22), an zuba wa makrofaj, wato ƙwayoyin garkuwar jiki masu haɗiye ƙwayoyin cuta, na ɓera, nau'in RAW 264.7. Bayan awa 24, TNF-alfa da IL-6, saƙonnin kumburi da makrofaj ke fitarwa, sun yi sama sosai. Zan iya rubuta cewa ganyen na zaburar da garkuwar jiki?

Dakta Bala, Agege:
Wa alaikumus salam. Ƙanwata, dakata tukuna. Abin zargi na farko shi ne LPS, gubar da ke bangon wasu bakteriya. Matacin 0.22 na tare bakteriya, amma LPS na wucewa abinsa, tafasawa ma ba ta kashe shi. Ɗan kaɗan ya isa ya kama TLR4, makarɓin da ke gane LPS a jikin makrofaj, ya kunna NF-kB, makunnin kumburi na cikin ƙwaya, ƙwayar ta shiga zubo saƙonnin kumburi. Ki sake gwajin da folimiksin B, maganin da ke ɗaure LPS, maikirogiram 10 a kowace mililita, ki haɗa shi da ruwan ganyen minti 30 kafin ki zuba. In TNF-alfa ya faɗi warwas, to ba aikin zogale ba ne. Ki yi gwajin LAL kuma, wanda ke gano LPS. Don lalata LPS, kwalaben gilashi a gasa su a busasshen zafi, digiri 250, minti 30.

Malam Usman, Obalende:
Gaskiyar Dakta ce, sai dai folimiksin ba ya rufe kowace ƙofa. Lifofurotin na bakteriya, wato furotin mai haɗe da kitse, ta wani makarɓin, TLR2, yake shiga. Ga kuma danshin Legas: ganyen da bai bushe da kyau ba yana yin fumfuna, beta-gulukan ɗinta kuwa, sukarin da ke bangonta, makarɓin Dektin-1 yake taɓawa, har yakan ruɗa gwajin LAL ɗin kansa.

Wannan ba ya nufin tsirrai ba su da nasu sinadaran masu zaburar da garkuwar jiki. PHA, wani furotin na jan wake, na manne wa sukarin da ke saman ƙwayoyin T na garkuwar jiki, ya sa su rarrabuwa. Tun 1960 Peter Nowell ya gano haka. PMA, da aka samo daga man tsiron kuroton, na kunna PKC, wani makunni na cikin ƙwaya, kai tsaye. Amma waɗannan tatattun sinadarai ne, ba jiƙo ba.

Hajiya Rabi, Yaba:
'Yata, duba lokacin ɗiba. TNF-alfa yakan fito da wuri, awa 4 zuwa 6, IL-6 na biyo baya, saboda haka ki ɗiba sau biyu. A farantin gwajin, ki ajiye rijiyar (ramin da ake sa ƙwayoyi) da ba a zuba komai ba, da wadda aka zuba LPS zalla. Ki auna ko ƙwayoyin na raye, domin masu mutuwa ma na tada maƙwabtansu. In da MTT, gwajin da ke nuna rai ta sauyin launi, za ki auna, ki ware rijiya mai ruwan ganyen babu ƙwaya, don sinadaran ganye kan sauya launin da kansu. Ranar da wuta ta ɗauke har inkubeta, akwatin ɗumama ƙwayoyin, ta sauka daga digiri 37, a zubar da farantin a sake.