Tambayoyin PSS-10 na Sinanci sun rabe gida biyu, ina mafita?

Assalamu alaikum. Ina karatun digiri na biyu a China, kuma aikina shi ne tantance ko fassarar Sinanci ta ma'aunin PSS-10, wato jerin tambayoyi goma da mutum ke amsawa kan matsin da yake ji, tana auna damuwa yadda ya kamata a tsakanin ma'aikatan jinya. Ma'aunin na wani masanin halayyar ɗan Adam ne mai suna Cohen da abokan aikinsa, ya fito a 1983 da tambayoyi 14, aka rage su zuwa 10 a 1988. Kowace amsa daga 0 zuwa 4 take, jimilla ba ta wuce 40.

Ga inda na maƙale. Da na gwada tsarin amsoshin, sun ƙi haɗuwa wuri guda. Tambayoyi shida masu nuna gazawa sun koma gefe, huɗu masu nuna iyawa, wato ta 4, 5, 7 da 8, waɗanda ake juya makinsu (4 ya zama 0, 0 ya zama 4), sun koma nasu gefen. Na duba, na juya makin daidai. Kuma alfa ta Cronbach (lissafin da ke nuna yadda amsoshin tambayoyi suke tafiya tare) ta huɗun nan ta yi ƙasa da ta shidan.

Malamina ya ce abu biyu ne ake aunawa: jin an rasa yadda za a yi, da jin za a iya. Ni dai ban gamsu ba. Ina zargin salon tambayar ne kawai ya raba su, musamman idan mai amsa yana jin nauyin yabon kansa.

Wane gwaji ne zai bambance min bayanin malamina da zargina? Idan rabuwar ta tabbata, jimilla ɗaya zan kawo ko maki biyu? Don Allah wanda ya taɓa aiki da shi ya taimaka.