Bashi ya yi mini katutu, ga shi da tallafi nake rayuwa

Assalamu alaikum 'yan'uwa, musamman mazauna Ingila. Don Allah ku ba ni shawara.

Tun da ciwon baya ya raba ni da aiki, tallafin gwamnati na Universal Credit nake karɓa, ni da yara biyu. Mako biyar na jira kafin kuɗin farko su shigo, dole na karɓi rancen da suke bayarwa, yanzu duk wata sai an zaftare wani abu. Kuɗin gas da wuta kuma sun taru da hunturu, wasiƙa ta uku na nan kan firji, ban ko buɗe ta ba. Ga fam 300 da na ranta wurin wata 'yar'uwa lokacin jinyar Hajiya a Kano. Ba ta taɓa yi mini maganarsu ba, shirun nata ne ma ya fi ci mini rai.

Jiya saura ƙiris in karɓi rance a wata manhaja, da na ga kuɗin ruwan sai na ajiye wayar. Riba ce tsagwaronta.

Wanne zan fara biya? Budgeting Advance ɗin nan, wato wani rancen na masu karɓar Universal Credit da babu ruwa a kansa, ana ba wanda bai gama biyan rancen farko ba? Wanda kuma ya taɓa kiran StepChange, ƙungiyar da ke ba masu bashi shawara, suna iya sa kamfanin gas ya ɗaga mini ƙafa?