Asabar nake da aji, me zan kira "leya" da Hausa?

Mai aji: Assalamu alaikum. Jama'a a agaza. Ranar Asabar zan koya wa ɗalibai yadda ake ɗauko aiki daga Photoshop a kai CorelDRAW (duka biyu manhajojin zane ne a kwamfuta) ba tare da hoto ya fashe ba, kuma da Hausa aka ce in rubuta takardar darasin. Kalma ɗaya ta tsaya mini a wuya: leya, wato kowane hawa na zane da ake ɗorawa a kan wani a Photoshop. Ga jimlar: "In ka ajiye a JPEG, leyoyin za su haɗe wuri guda, fankon baya ya koma fari, kuma duk sake ajiyewa sai hoton ya ƙara dushewa. Ka bar shi a PSD, wato fayil ɗin Photoshop." In bar leya haka?

Mai ɗab'i: Bar ta mana, Malama. Tunda na shiga shago ban ji an kira ta da wani suna ba.

Mai kiwo: Leyas dai? Mu nan kaji masu ƙwai ke nan.

Tsohon malami: Abin takaici ne. Harshe kamar Hausa a ce sai aro? Shimfiɗa. Shimfiɗar rubutu, shimfiɗar hoto, a ɗora wata kan wata. Na daɗe ina faɗa.

Mai fassara: Allah ya gafarta Malam, shimfiɗa ai ta ƙasa ce, kamar tabarma. Ta saman fa? Kuma gabatarwar littafi ma shimfiɗa ake ce mata. Ni falle na fi so. Kamar fallen leda garai-garai, ka zana a kai, ka ɗora wani, kana hango na ƙasa. Jam'i fallaye. Haɗe su kuma, manne fallaye.

Tsohon malami: Falle na takarda ne.

Mai fassara: To shimfiɗa ta gado ce.

Ɗan Damagaram: Mu dai kalk muke cewa, don Photoshop ɗinmu da Faransanci yake. Amma kullum in za a yanke kalma sai a yi kamar Kano kaɗai ke da baki.

Tsohon malami: Aron Faransanci da na Ingilishi duk jirgi ɗaya ya kwaso su. Kwamfuta ma na'ura mai ƙwaƙwalwa ce.

Mai ɗab'i: Malam, ka shigo shago ka ce a kunna na'ura mai ƙwaƙwalwa, ka ga ko yaro zai motsa. Ni Malama, ko me kika kira ta, ki gaya musu abin da ke ɓata mana aiki. Ɗigo 300 a kowane inci tun daga farko, ba a ja ƙaramin hoto a ce ya girma. A mai da launi CMYK, wato tsarin launin injin ɗab'i, kafin bugu. Rubutu kuma a mai da shi zane a CorelDRAW, a danna Ctrl+Q, kafin a turo. An taɓa kawo mini katin biki, babu irin harafinsu a kwamfutata, duk ƙ da ɗ suka fito akwatuna, "ɗaurin aure" ya rasa kai. Kuma in ta WhatsApp ne, a turo shi a fayil, in ba haka ba matse shi yake yi.

Mai aji: Na gode ƙwarai. Na rubuta falle da manne fallaye. A baki zan ce musu a shago leya za su ji.

Tsohon malami: To. Amma ta can ƙasan, wadda ake ɗora komai a kanta, ita fa?

Mai aji: Na bar maka ita, Baba. Shimfiɗa.

Tsohon malami: Da sauƙi. Falle dai ban yarda ba.