Eriya ɗaya, rediyon tauraron ɗan adam biyu: yaya ake rabawa?

Mai Sauraro:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar masana. Rediyon tauraron ɗan adam guda biyu ne a gida ɗaya a Amurka, ɗaya tsohon Sirius ne, ɗayan kuma na SiriusXM ne na baya-bayan nan. Taga ɗaya ce kaɗai ke kallon kudu, don haka ake so eriya ɗaya ta ɗauki duka biyun. Rediyon falo yana kusa da tagar, na ɗaki kuwa sai an ja waya ta kusan mita 15. An gwada sifilitan talabijin da ke gidan, wato ɗan akwatin da ke raba sigina ɗaya zuwa wayoyi biyu: ɗaya yana kamawa yana yankewa, ɗayan kuma sai saƙon a duba eriya yake nunawa, alhali eriyar lafiyarta ƙalau idan aka jona ta kai tsaye. Ina matsalar take, kuma me ya kamata a saya?

Mai Waya:

Wa alaikumus salam, Malam. Fara da juya sifilitan ka karanta abin da aka rubuta a jikinsa. Galibin na talabijin 5 zuwa 1000 MHz ne, wannan rediyo kuwa a saman 2300 MHz yake aiki: Sirius daga 2320 zuwa 2332.5, XM daga 2332.5 zuwa 2345. Kamfanonin Sirius da XM sun haɗe suka zama SiriusXM a 2008, amma zangon nasu bai haɗe ba, kowane tsohon rediyo nasa ɓangaren yake saurara. Sifilitan da ya tsaya a 1000 shaƙe siginar zai yi, shi ne yankewar da kake ji. Nemi wanda ya kai 2400 ko 2500 MHz.

Sannan ka tabbatar eriyar ta ɗauki zangon duka, 2320 zuwa 2345. Tsofaffin eriyoyi na kafin haɗewar an sa musu matata ta ɓangare ɗaya. Da yake zangunan maƙwabta ne, wani lokaci su kama ɗayan, amma da rauni. Yi amfani da eriyar da ta zo da sabon rediyon, kada ka ɗauki tsohuwar.

Kada kuma a ba ka mahaɗin nan mai siffar T a ce zai yi. Bai raba komai ba, haɗe wayoyin kawai ya yi, rediyon biyu su riƙa damun juna.

Bakanike:

Abin da Mai Waya ya faɗa daidai ne, amma bai taɓa saƙon a duba eriya ba, kuma a nan ne yawancin mutane ke asarar kuɗinsu. Wannan saƙo ba maganar sigina ba ce, maganar wuta ce.

Eriyar nan ba ƙarfe ne kawai ba. A cikin ɗan akwatinta akwai ƙaramin amfilifaya, domin siginar da ke saukowa daga nisan kusan kilomita 36,000 ba ta da ƙarfin da za ta bi waya ita kaɗai. Wutar da yake ci, wajen bolt 5, rediyon ne ke tura ta ta cikin wannan kebul ɗin da siginar ke saukowa. Wato waya ɗaya, sigina na gangarowa, wuta na hawa. Rediyon kuma ba ganin eriya yake yi ba, wutar da ake ja daga bakinsa yake aunawa. Idan an ja, ya san akwai eriya. Idan ba a ja ba, sai ya fitar da wannan saƙo, wasu ma su ƙi yin sauti ko da siginar ta iso cikakkiya.

To ka ga sifilita yana da hali uku. Akwai wanda ba ya barin wuta ta wuce ta ko'ina: eriya ba za ta tashi ba, duka biyun shiru. Akwai mai barin ta wuce ta baki ɗaya: rediyon da ke wannan bakin shi ke ciyar da eriya, ɗayan kuma ya yi ta ƙorafi, kuma da zarar an kashe mai ciyarwar, ɗayan ma ya mutu. Ga dukkan alamu irinsa ne a hannunka. Na ukun shi ne mai wucewa ta duka bakunan ta kan dayod, wato ɗan abin da ke barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai. Wannan ya fi, don kowanne zai iya kunna eriyar, amma shi ma da tarko: rediyon biyu ba sa fitar da wuta daidai wa daida. Wanda tasa ta ɗan ɗara shi zai ɗauki nauyin duka, ɗayan ya ga ba a jan komai daga wurinsa, sai ya fitar da saƙon. Dayod ɗin kansa yana cin 0.3 zuwa 0.7 na bolt, wanda a kan bolt 5 ba ƙaramin abu ba ne.

Wanda bai kamata a kusance shi ba shi ne mai wucewa ta duka bakunan babu dayod. Wutar wannan rediyo za ta shiga cikin wancan, kuma haka ake ƙona sashen da ke ciyar da eriya.

Shawarata, sayi sifilitan da aka yi domin wannan rediyo musamman. A cikinsa an riga an sa kafasita mai tare wuta a bakin na biyu, da resista mai jan 'yar wuta don rediyon ya ɗauka eriya ce. Idan kana so kowanne ya yi aiki ba tare da ɗan'uwansa ba, ɗauki mai adaftar wutarsa daban, wanda shi ke ciyar da eriyar dare da rana.

Idan kuma kai mai aikin dalma ne kana so ka haɗa da hannunka, auna tukuna. Sa maltimita a kan bakin eriyar rediyon, tsakiya da jiki, ka ga bolt nawa yake bayarwa, a hankali don kada tsinken ya haɗe su. Sannan ka auna abin da eriyar ke ja. A ce ka sami bolt 5 da 20 mA, resistan da kake buƙata om 250 ne, zafin da zai ɗauka kuma wat 0.1, don haka na rubu'in wat ya wadatar. Sai dai kada ka ɗora shi kai tsaye a kan layin, zai sha wani ɓangare na siginar. Ta bayan ɗan koyil ake sa shi, kuma ƙafafunsa su zama gajeru ƙwarai, domin a wannan zango santimita ɗaya ta waya ma tana sauya lissafi.

Tsohon Hannu:

Bari in ɗora a kan maganar mita 15 ɗin nan, Malam, don ko an gyara wuta ita za ta iya kayar da kai.

Raba sigina gida biyu yana cin 3 dB a lissafi (dB shi ne ma'aunin asara ko ƙarin ƙarfin sigina), a aikace 3.5 zuwa 4. Mai baki huɗu ya kai 7 zuwa 8, saboda haka kada ka sayi mai huɗu da sunan ko gaba za a ƙara. Siririyar wayar da ke zuwa da eriya, irin RG-174, tana zubar da fiye da 1 dB a kowace mita a wannan zango. Ka ja ta mita 15 ka zubar da sama da 15 dB, ba abin da zai iso ɗaki. RG-6 kuwa, wato wayar talabijin mai kauri, wajen 5 dB za ta ci a wannan tsawo. Haɗa da sifilita da mahaɗai, kana wajen 10 dB, wato kashi ɗaya cikin goma na ƙarfin ne zai iso. Idan eriyar na ganin sama sarai, yawanci wannan yana wadatarwa.

Wani zai ce maka rediyon om 50 ne, RG-6 kuma om 75. Gaskiya ne, amma asarar wannan saɓani ba ta kai 0.2 dB a kowane mahaɗi ba, ribar kaurin wayar ta ninka ta nesa ba kusa ba. Adafta kawai za ka nema daga ƙaramin bakin SMB na rediyon zuwa bakin F na wayar talabijin, kuma ka rage yawansu iya ƙoƙarinka. Wajen murɗa kan F, duba kada ko sili ɗaya na saƙar waje ya taɓa wayar tsakiya, don a nan akwai wuta, ba kamar eriyar talabijin ba.

Amfilifaya ba na so a sa shi sai an gwada an ga ya zama dole. Idan za a sa, tsakanin eriya da sifilita ne wurinsa, ba a bayan rediyo ba, inda hayaniya kawai zai ƙara wa ƙarfi. Ƙarfinsa kuma ya yi daidai da asarar da aka lissafa. A manyan birane akwai tashoshin ƙasa masu maimaita siginar da ƙarfi, ga kuma zangunan da kamfanonin waya ke amfani da su a gefe da gefe. Amfilifaya mai yawa sai ya cika rediyon ya toshe, mutum ya zaci rauni ne ya je ya ƙaro wani.

Gwajin a bi shi ɗaya bayan ɗaya. Kowane rediyo kai tsaye a eriya, buɗe shafin ƙarfin sigina ka rubuta sanduna nawa ne na tauraro, nawa ne na ƙasa. Sa sifilita da gajeruwar waya ka sake dubawa. Doguwar waya ita ce ta ƙarshe. Inda sandunan suka faɗi, nan laifin yake.

Mai Sauraro:

Allah ya saka da alheri, na fahimta. An duba sifilitan, 5 zuwa 1000 ne, kuma baki ɗaya ne ke da layin wucewar wuta. Tambaya ta ƙarshe: tunda eriya ɗaya ce, kuɗin wata ɗaya zai ɗauki duka biyun?

Bakanike:

A'a, Malam. Rajista a jikin rediyo take, eriya ba ruwanta. Kowanne yana da lambarsa, je tasha ta 0 za ta fito a fuska, kuma kowanne sai an kunna shi daban. Ranar da za a aiko siginar kunnawa, jona rediyon kai tsaye a eriya ka bar shi a kunne har tashoshin su buɗe, sannan ka mayar da shi kan sifilita.