'Yan aji 3 sun haddace labari amma ba sa iya karanta shi

Assalamu alaikum malamai. Ni ke kula da ɗakin karatu na wata makarantar firamare a Daura, aji guda ne aka ware da kanta biyu da tabarmi. Tun farkon zangon nan nake zama da 'yan aji 3 duk Laraba bayan tara, minti 35.

Ga inda na maƙale. In ina karanta musu tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, bi na suke tiryan-tiryan, har wasu su riga ni. Amma in na ware yaro guda na ɗora yatsa kan kalma a tsakiyar shafi, sai ya yi tsit, ko ya dubi hoto ya cinka. Ashe hadda suka yi. Wata yarinya ta biya mini shafi guda cur alhali littafin a juye yake a hannunta. Abin ya tsaya mini a rai.

Na koma da su kan baƙi da wasali, ba be bi bo bu. Suna rerawa lafiya lau, amma su haɗa "ba" da "ki" su fitar da "baki" ya gagara. Haruffa masu lanƙwasa kuwa, "ƙafa" da "kafa" duk ɗaya ne a wurinsu. Na raba su rukuni-rukuni don masu iyawa su ja na baya, sai suka riƙa raɗa musu amsa. Aron littafi zuwa gida ma na dakatar, saboda a yage suke dawowa.

Don Allah, wace dabara ce kuka gwada da ta sa yaro ya daina cinka ya fara haɗa gaɓoɓi da kansa, wadda za ta yiwu a zama ɗaya a mako?