Sata ce ko da yardarka aka ɗauka?

Baban Ummi: Salamu alaikum 'yan uwa. Yau raina a ɓace yake. Manhajar da nake karɓar kuɗin ciniki da ita a shago ta sace min bayanai. Tun da na sauke ta saƙonnin tallar bashi ba su bar ni na huta ba, jiya har kira na aka yi da cikakken sunana wai in karɓi rancen dubu hamsin. Na duba saitin waya, na tarar tana ganin lambobin mutanena da duk inda na taka. Me ya haɗa tura kuɗi da lambar surukata?

Mai POS: Wa alaikumus salam. Yaya, kalmar sata ta yi nauyi. Ranar da ka sauke ta ai ka danna inda aka ce ka amince. Abin da ka miƙa da hannunka ba a ce an sace.

Hajiya Mai Atamfa: Ɗana ne ya danna min tawa a Kantin Kwari, mai saye na tsaye yana jira ya tura kuɗi. Rubutun nan Turanci ne zalla, ƙanana, ka yi ta ja ba ya ƙarewa. Wace yarda na yi?

Mai POS: Hajiya, rashin karantawa ba laifin kamfani ba ne.

Malam: A shari'a ciniki sai da yardar juna, kuma hadisi ya zo cewa an ɗauke wa al'umma kuskure da mantuwa da abin da aka tilasta su a kai. Ku tuna farkon 2023 da aka canza takardun naira, kuɗi suka ɓace a hannun jama'a. Wanda ya buɗe asusun waya lokacin don ya sayi kwanon shinkafa, tilas ce ta sa shi.

Mai POS: Allah ya gafarta Malam, wa ya ɗora masa wuƙa a wuya? Bankuna na nan a buɗe.

Hajiya Mai Atamfa: Bankunan da muke kwana a layinsu? Kuma kai ne za ka yi maganar 2023? A lokacin sai da na ba irinku dubu biyu kafin na karɓi dubu goma tawa!

Mai POS: Mu ma sayen kuɗin muke yi a gidajen mai, Hajiya. Kullum mu ne abin zagi, amma da dare ya yi wurinmu ake zuwa.

Barista: Ku dawo kan magana. Akwai dokar kare bayanai da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2023, da hukumar NDPC da ke kula da ita. Dokar ta ce yarda sai mutum ya san abin da ya yarda da shi kuma ba a matsa masa ba, yin shiru ba ya zama yarda, kuma kana da damar janyewa. Kamfani ne zai kawo hujjar cewa ka amince. Sai dai BVN da NIN daban ne, Babban Banki ne ya wajabta su ga masu asusun waya tun Disambar 2023.

Ɗan Fagge: To ka ga, gwamnati ce babbar mai kwasar bayanai. Wane layi ne ba mu bi ba saboda haɗa NIN da layin waya?

Baban Ummi: Ni ba gwamnati na kawo ƙara ba.

Malam: Barista, amma lauyoyi ne ke rubuta wa kamfanonin doguwar takardar nan da ba mai iya karantawa.

Barista: Malam, wannan kuma cin fuska ne. Ban taɓa rubuta wa kowa ba. Ko Google a 2023 ta hana manhajojin bashi taɓa lambobi da hotunan mutane, saboda yadda suke tozarta masu bashi wurin danginsu.

Ɗan Fagge: Wanda ya ci bashi ya ƙi biya fa? Shi ba a maganarsa?

Hajiya Mai Atamfa: Kai yaro, ana maganar manya.

Admin: Jama'a a tsaya haka. Abin da na fahimta: mafi yawanmu mun yarda babu sata, tunda Baban Ummi da kansa ya danna. Na shekara huɗu ina sana'ar POS da manhajojin nan ban ga abin ƙi ba, kuma masu POS sun rufa wa mutane asiri a 2023, ya kamata a daina zaginsu. Maganar doka da ta tilas mun ji, amma ba su shafi batun ba. Wanda bai so ya kashe izinin lambobi a saitin wayarsa.

Barista: Ban ce babu sata ba, Admin.

Baban Ummi: Na kashe izinin tun jiya. Yanzu ma sun sake kira.