Ciwon baya da ciwon kai a wata na shida: wane magani zan sha?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina ɗauke da cikin mako 26, shi ne na biyu, domin na farkon ya zube a wata na uku, kuma tun daga lokacin ko ƙwayar magani na gani sai gabana ya faɗi. Kwana goma ke nan ciwon baya yana hana ni barci, sai in zauna a bakin gado har asuba, ga ciwon kai da yamma. Da abin ya ishe ni na sha ibuprofen sau uku. Shin na cutar da jaririn?

Uwar Biyar: Wa alaikumus salam. Ƙanwata, ki daina ibuprofen yau ɗin nan, haka ma diclofenac. Tun 2020 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi cewa daga mako 20 irinsu suna iya taɓa ƙodar jariri har ruwan da yake kwance a ciki ya ragu, daga wajen mako 30 kuma suna iya rufe wata jijiyar jini kusa da zuciyarsa tun lokacinta bai yi ba. Paracetamol ake ba masu ciki, na ɗan lokaci, kuma kada ya wuce giram 4 a awa 24.

Amarya: Ni ko paracetamol ɗin ban sha ba. Tawul mai ɗumi nake ɗorawa a ƙugu, in kwanta ta gefe da matashi tsakanin gwiwoyi. Ranar da na kai kukana wajen awo, cewa aka yi raki ne irin na masu cikin fari, har yau abin yana yi mini ciwo.

Maman Tagwaye: Ki sha aspirin, ni kullum likita ya sa na sha har na kusa haihuwa.

Uwar Biyar: Maman Tagwaye, naki aspirin ne mai ƙaramin ƙarfi da ake bayarwa don rigakafin hawan jinin masu ciki, ba don ciwo ba, kada ki ɗora ta a kansa. Ke kuma mai tambaya, ciwon kan ne ma ya fi damuna, domin yana iya zama alamar hawan jinin nan. Yaushe aka auna jininki? Kina ganin dishi-dishi, ko fuskarki da hannuwanki sun kumbura? In haka ne, asibiti za ki tafi a daren nan.

Mai tambaya: Yaya, ba da ganganci na sha ba, shi na saba sha lokacin al'ada, kuma sau uku ne kawai. Ranar awona mako mai zuwa ce, ba na son in je a ce mini raki. Zobena ne kawai ya ɗan matse ni.

Uwar Biyar: Zoben ya matse ki tun yaushe?